Yadda Za Ka Rabu da Kuɗin Birkin Babbar Mota Har Abada

Walusimbi, dillalin filaye a Kampala, ya rabu da matsalar birkin motarsa baki ɗaya ranar wata Asabar da ta wuce, a wani ƙauye da ke bayan garin Mpigi, a gaban taron jama'a da ya cika rumfuna uku. Bai biya bakanike ko sisi ba. Mata ma guɗa suka yi masa, wani fadan coci kuma ya sa masa albarka ta lasifika.

Kai ma za ka iya. An bi diddigin yadda ya yi, an tambayi waɗanda suka gani da idonsu, ga dabarun nan an jera maka. In ka bi su sau da ƙafa, ana ba ka tabbacin ba za ka sake biyan kuɗin birki ba muddin ranka. Tsawon ran naka kuwa, wannan wata magana ce daban.

Mataki na 1: Sayi motar da ta fi ƙarfinka

Kada ka fara da ƙaramar mota. Gyaran birkinta kuɗin cefane ne, ba ya koya wa mutum komai. Nemi baƙa, doguwa, ƙirar Jamus, mai kujerun fata, wadda in an rufe ƙofarta sai ka ji kamar an rufe ma'ajiyar banki. In mai sayarwa yana sauri, yana ta duban agogo, to ita ce.

Walusimbi yana da hujjarsa. A garin nan wanda ya zo maka da takardar fili a kan acaɓa, ɓarawo ne. Wanda ya zo da ita cikin babbar mota, shi ma ta yiwu ɓarawon ne, amma hankalinka ya fi kwanciya. Saboda haka ya tattara duk abin da ya mallaka ya sayi motar, suka ci gaba da zama shi da matarsa Nantongo, mai ɗinkin kayan biki, a ɗaki biyu na haya a Namasuba, cikin wani lungu da ko madubin motar ba zai shiga ba. A gidan mai take kwana.

Ranar da ya kawo ta, Nantongo ta fito da almakashi a hannu, ta zagaya ta sau ɗaya.

"Maigida, wannan jirgin ruwan me yake ci?"

"Mai, kamar kowace mota."

"Mu kuma me za mu ci?"

"Mutunci," in ji shi.

"To. Da miya ake ci, ko gaya?"

Kada ka amsa irin wannan tambaya. Goge madubi.

Mataki na 2: Je ka ji farashi, amma kada ka suma a gaban mutane

Wata rana jar fitila za ta kama a gabanka. Kai motar babban gareji, mai gilasai da sanyi, inda makanikai ke sa fararen kaya kamar za su yi wa mutum tiyata. Za a ba ka shayi. Sha kofi biyu, domin shi kaɗai ne abin da za ka samu kyauta a gidan.

Wata budurwa mai murmushi ce ta zaunar da Walusimbi ta yi masa bayani. Takalman birki na gaba sun cinye. Na baya suna bin sahu. Fayafayan da suke kamawa sun yi zane, kuma a irin wannan mota ba a gyara su, sauyawa ake yi. Akwai wata 'yar waya da aikinta kawai shi ne ta gaya wa motar cewa takalmi ya cinye. Ita ma ta cinye wajen faɗa. Ga man birki, ga ladan aiki, ga haraji. Ta ce duka-duka sulai miliyan biyar da ɗoriya.

"Wannan in zan sayar muku da motar ke nan?" in ji Walusimbi.

"A'a, yallaɓai. Na birki ne kawai."

"Na ƙafa huɗun?"

"Eh, yallaɓai. Amma za mu wanke maka ita."

Lura da abin da ya yi, don a nan ake gane gwani. Bai yi salati ba, bai dafe ƙirji ba. Ya gyaɗa kai kamar an faɗa masa kuɗin gyaɗa, ya cinye biskit ɗin da ke cikin faranti, ya miƙe ya ce, "Zan turo direbana." Ba shi da direba. Sai da ya fita harabar, ya sha kwana, ya tabbatar babu mai ganinsa, sannan ya kifa goshi a kan sitiyari.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba a dai ce dole ya gaya wa maƙwabta ba.

Mataki na 3: Rufe fitilar

Fitila ba ta da wani iko sai wanda ido ya ba ta. Liƙa wani abu a kanta. Kada ka sa baƙar roba, za a gane. Sa abin da babu mai ƙarfin halin taɓawa.

Walusimbi ya liƙa ƙaramin hoton marigayiya mahaifiyarsa. Jan hasken yana ratsowa ta bayan hoton, sai fuskar tsohuwar ta riƙa haskawa a hankali. Masu sayen fili da dama sun ga haka jikinsu ya yi sanyi. Wata mata ta ce mutumin da ke girmama uwarsa haka ba zai sayar mata da fadama ba. Fadama ya sayar mata.

Mataki na 4: Raɗa wa ƙarar suna

Bayan fitila sai ƙara. Tana farawa kamar fito, ta koma kamar ana wasa wuƙa, daga ƙarshe ta zama injin niƙan masara. Kada ka yi kamar ba ka ji ba, domin kowa ya ji, har na ƙetaren titi. Riga fasinja magana.

"Ka ji wannan?" in ji Walusimbi ga wani ɗan kasuwa da ya ɗauko zai nuna masa fili a Gayaza. "Jamusawa ne suka sa, don 'yan acaɓa. Ka san ba sa jin hon."

"Kai! Tawa ba ta yi," in ji ɗan kasuwar.

"Taka ta wace shekara ce?"

Ya faɗa.

"Shi ya sa," in ji Walusimbi, cikin tausayawa.

Sauran hanyar ɗan kasuwar ya kasa kunne yana sauraron ƙarar. An ce daga baya ya je ya tambayi bakanikensa nawa ake sa wa mota wannan ƙara.

Mataki na 5: Daina tsayawa

Wannan shi ne ƙashin bayan ilimin. Birki yana cinyewa ne saboda ana taka shi. Wanda bai taka ba, nasa yana nan.

Kampala gari ne na tuddai, kuma duk tudu birki ne da Allah ya ajiye kyauta. Walusimbi ya sake koyon garin daga farko. Ya san titin da ke hawa da wanda ke sauka, ya san shataletalen da za ka yi ta zagayawa har hanya ta buɗe. Ya koyi rage gudu da giya, ya koyi ƙaunar cunkoso, tun da motar da ba ta tafiya ba ta bukatar a tsayar da ita. In zai ajiye mota, sai ya nemi hawa, ya bar ta ta gaji don kanta, ya danna maɓallin birkin hannu, ya fito da wani dutse daga but ya sa a gindin taya yana yi kamar yana duba iska.

Filayen da ke kwari ya daina sayar da su. Ya ce shi yanzu sai na kan tudu, don manyan mutane.

Ga ribar da ba ka zata ba. Da, in ya hango aboki a bakin titi sai ya tsaya, a gaisa, a roƙe shi kuɗin mota. Yanzu sai dai ya sauke gilashi, ya ɗaga hannu, ya wuce. Cikin ɗan lokaci labari ya bazu cewa Walusimbi ya yi nisa, ba shi da lokacin kowa. Masu zaginsa suka ƙaru, masu kiransa a waya suka ninka. Ka riƙe wannan: ƙaramin mutum ne ke tsayawa. Babba wucewa yake yi.

Nantongo kaɗai ce ba ta ruɗu ba. Tun ranar da ya wuce da ita ƙofar cocinsu, ya ce mata ta sauka a gaba inda akwai hawa, ta daina shiga motar.

"Ina da ɗan abin da na tara na sabon keken ɗinki," ta ce masa. "Karɓi, a gyara ko na gaba ne."

"Kuɗin mace a birkina? Ina!"

"To a makararka fa, ka yarda?"

Mataki na 6: Kada ka je taron dangi. In ka je, kada ka ɗaga hannu

Walusimbi ya je, kuma ya ɗaga.

Ƙaninsa Gonzaga, malamin firamare, zai yi kwanjula, wato ranar da dangin saurayi ke ɗaukar kaya su je gidan iyayen yarinya a gabatar da shi. Kamar kullum, aka fara tarukan haɗa gudummawa a bayan wata mashaya a Ndeeba. Ka san yadda ake yi. Shugaban taro yana da guduma. Wanda ya makara, tara. Wanda wayarsa ta yi ƙara, tara. Wanda ya yi shiru da yawa, tara. Sannan a bi mutane ɗaya-ɗaya, kowa ya miƙe ya faɗi abin da ya ɗauka: wannan buhun sukari, wancan cinyar saniya, wannan zakaran da ake ba wan amarya.

Da aka zo kan babban wa, kowa ya juyo. Mai babbar mota ne. Wata gwaggo har ta gyara zama.

Aljihun Walusimbi a ranar ko kuɗin zakaran babu. Ya miƙe, ya gyara kwat, ya ce, "Ni ba na son yawan magana. Ni zan ɗauki ango. Motata ce a gaba."

Aka tafa. Gonzaga ya taso ya rungume shi, idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya, ka fitar da ni kunya. Mutanen nan sun ce malamin makaranta ba shi da kowa."

"Kana da ni," in ji Walusimbi.

Ya zauna yana jin daɗin ya tsallake ba tare da ya fitar da ko sisi ba. Baki shi ke yanka wuya, amma a daren taro ba a jin zafin yankan.

Mataki na 7: Tambayi yadda hanyar take, kuma ka tambayi mai hankali

Kada ka tambayi ango. Ango bai san hanya ba. Duk zuwan da ya yi, zuciyarsa na gaba, idonsa na kan waya.

"Gidan nasu a kwari yake ko a tudu?" in ji Walusimbi, kamar ba da wata manufa ba.

"A jikin tudu, yaya. Kana hango har tafki."

Walusimbi ya yi hamdala. Abin da Gonzaga bai faɗa ba, don ba a tambaye shi ba, shi ne hanyar ta bi ta ƙoƙuwar tudun ne, gidan kuma yana ƙasa da ita. Jikin tudu iri biyu ne: wanda ake hawa a iske, da wanda ake gangarawa a iske.

Ana jibi biki wani ciniki ya faɗa, ɗan kuɗi ya shigo hannunsa. Zai isa a sa takalman gaba ko da na gwanjo ne. Zai kuma isa a ɗinka sabuwar farar riga, a goge mota da man ƙyalli, a ɗaura mata ƙyallen ado da furanni. Ba zai isa duka biyun ba. Yi tunani irin na masana: birki a ƙarƙashin mota yake, babu mai ganinsa a hoto.

An ɗaura furannin.

Mataki na 8: In abin ya zo, riƙe fuskarka

Ranar Asabar ayari ya tashi, motar Walusimbi a gaba tana walƙiya. Gonzaga yana baya, cikin farar riga da kwat, yana gumi. A gaba kuma Bbosa ne, wanda kowa ke kira Baban 'Yan Biyu, tsohon da aka ɗauko haya don ya yi magana da yawun dangin ango. Sana'arsa ke nan. An ce bai taɓa shiga gidan surukai ya fito ba amarya ba.

A kan kwalta komai ya tafi daidai. Walusimbi ya yi ta aiki da giya, injin niƙa ya yi ta niƙa, Bbosa ya ce kiɗan motar yana da daɗi. Suka bar kwalta, suka hau jar hanya, suka kai ƙoƙuwar tudu. Can ƙasa ga rumfuna farare, ga ƙofar da aka yi da kututturen ayaba da furanni, ga 'yan mata a jere riƙe da kwanduna, suna jiran su maƙala wa baƙi fure a ƙirji.

Dokar ba ta da wuya, yaro ma ya san ta. A nan bakin ƙofa ake tsayawa. A fito, maza layi, mata layi, a jira har masu gida su ce a shigo, ko da rana za ta narkar da mutum.

Walusimbi ya taka birki. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta gamu da kowa ba. Ya sake takawa. Ya danna maɓallin birkin hannu. Motar ta yi ƙara sau uku ta rubuta masa wani dogon bayani da Jamusanci.

"Yaya, nan ne," in ji Gonzaga.

"Na gani."

"Yaya, nan ne fa ake tsayawa."

"Na ce na gani."

Ba gudu take yi ba, a yi mata adalci. Tafiya take irin ta basarake, ba sauri, ba niyyar tsayawa. 'Yan matan suka yi murmushi, suka daina murmushi, suka watse da kwandunansu. Motar ta shige ta ƙofar furanni, ta tafi da rabinta a ka. Ta bi tsakanin rumfar dattawa da ta mata. Mai kiɗa ya ɗauka tsari ne, ya ƙara sauti.

Bbosa, tsohon hannu, ya sauke gilashi ya fara aiki. "Sannunku da gida! Mun same ku lafiya? Ina gajiya, iyayenmu? Madalla, madalla!"

Walusimbi ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗaga wa jama'a. Wannan ya riga ya saba.

Suka wuce teburin kek da tazarar yatsa. Suka zagaya gidan. A baya, inda hayaƙi ke tashi, motar ta kutsa kai cikin gonar ayaba, ta kwantar da kututture uku, na huɗu ya riƙe ta. Ta tsaya cak, gilashin baya daidai murhu.

A bakin murhun kuwa uwar amarya ce zaune, tana duba tukwanen matoke, wato dafaffiyar ayaba. Ita ce mutum ɗaya a duniya da bai kamata ango ya haɗa ido da ita ba, balle ya iske ta har madafi. Tsofaffi sun ce mai yin haka karkarwa ke kama hannunsa har ya tsufa. Gonzaga ya nutse ƙasan kujera ya ja kwat ya rufe kai. Tsohuwar ta ɗauki faifai ta kare fuska. A cikin but zakaran wan amarya ya yi cara.

Mataki na 9: Bar mai baki ya yi aikinsa

Aka fito da su, aka zagayo da su gaban rumfuna kamar waɗanda aka kama a gona. Sauran ayarin suna can bakin abin da ya rage na ƙofa, mata da kwanduna a ka, Nantongo a cikinsu. A rumfar dattawa an fara gunaguni. Wani kawu ya ce a mayar da su inda suka fito. Uban amarya, Baba Kiggundu, tsohon ma'aikacin gidan waya da bai taɓa mallakar abin da ya wuce keke ba, yana zaune a tsakiyarsu.

Katende, mai magana da yawun gidan amarya, ya ɗauki lasifika yana lashe baki.

"Baban 'Yan Biyu, ni da kai mun tsufa a wannan aiki. Na ga baƙin da suka makara. Na ga waɗanda suka manta da gishiri. Yau na ga an shigo da ango ta madafi!" Aka fashe da dariya. "Abu biyu na sani da ke wuce ƙofar Baba Kiggundu ba sallama: ɓarawo, da kayan kyauta. Ku gaya mana, ku wanne ne?"

Bbosa ya nemi izinin shawara. Ya ja Walusimbi gefe, ya rufe lasifika da tafin hannu.

"Ɗana, gaya mini gaskiya. Birki ne?"

Walusimbi ya gyara kwat.

"In birki ne, abu mai sauƙi. Sai in faɗa, a yi mana dariya, mu biya tarar akuya, a wuce wurin. Kowa motarsa na lalacewa."

Ka ga ƙofar tsirar nan? A buɗe take, faɗinta ya kai na gareji. Akuya ɗaya da dariyar yini ɗaya. Walusimbi ya dubi rumfunan. Ya ga masu ɗaukar hoto. Ya ga gwaggon da ta gyara zama a taro. Ya ga mutum biyu da ya sayar wa fili, da wani da yake shirin saya. Ya ga ƙaninsa, wanda aka ce ba shi da kowa.

"Birkin motata lafiyarsa ƙalau," in ji shi.

Bbosa ya dube shi. "To, ka bar mini amsa ɗaya ke nan."

Ya juya, ya buɗe hannu.

"Katende, ɗan'uwana, kaico da tsufa, ido ya fara tafiya! Wa ya taɓa barin kyautar uba a bakin titi ƙura ta hau ta? Mun shigo da ita har gida. Mun fara kai wa uwa ta gani, don ita ta sha wahalar reno. Baba Kiggundu, ka yi shekaru kana taka keke kana raba wasiƙun mutane. Babban wan ango ya ce ya isa haka. Ajiye keke!"

Abin da ya biyo baya, waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa jin irinsa ba. Guɗa ta tashi har awakin maƙwabta suka tsinke. Kawun da ya ce a kore su ya rungumi wanda ke kusa da shi. Fada ya ƙwace lasifika ya yi addu'a. Katende ya cire hularsa ya ce ya sallama. Baba Kiggundu ya miƙe a hankali, ya tako, ya buɗe tafin hannu biyu.

Ba a taɓa ganin makulli ya daɗe a hanya tsakanin aljihu da hannu kamar wannan ba. Amma ya isa.

"Ɗana," in ji tsohon, "ban san me zan ce ba."

"Ni ma, Baba," in ji Walusimbi.

An ba da amarya. An ce gwaggonta, wadda a al'ada ita ke nuna ango cikin baƙi, ko jan rai ba ta yi ba wajen nuna shi.

Mataki na 10: Koma gida ka ci riba

Walusimbi ya koma Kampala a bayan wata a-kori-kura da ta kai saniya gidan amarya, zaune a kan ciyawa da sabuwar rigarsa. Nantongo tana gefensa da ƙullin naman biki a cinya.

"Na ji muryarki cikin masu guɗa," ya ce, bai dube ta ba.

"Tawa ce ta fi ta kowa. Kuma har zuciya na yi ta."

Yanzu ka yi lissafi da kanka. Kuɗin birki, babu. Kuɗin mai, babu. Na mai gadin gidan mai, babu. Hoton bikin ya zaga wayoyi, kowa yana son ya sayi fili a hannun mutumin da ke kyauta da mota. A kan acaɓa yake zuwa musu yanzu, su kuwa sai su taɓa juna su ce, dubi tawali'u. Abokai na tare shi a hanya, kuma yana tsayawa. Ya ce har ya manta daɗin abin.

Ranar Talata waya ta yi ƙara. Baba Kiggundu ne.

"Ɗana, samarin ƙauye sun fito da ita daga cikin ayaba, sun turo ta gaban gida, an wanke ta tas. Ko tayar da ita ban bari an yi ba. Na ce sai ranar Lahadi."

"Lahadi, Baba?"

"Za mu je cocin da ke can ƙasa, bayan gada, mu yi godiya. Ɗan ƙanwata mai tuƙa tarakta shi zai ja. Ni da tsohuwa a baya, da jikoki. Kai kuma a gaba, don jama'a su ga wanda ya yi. Kada ka ce a'a."

"Hanyar... gangara ce, Baba?"

"Tun daga ƙofar gida har bakin ruwa. Ko mai ba za mu ƙona ba!"

Walusimbi ya ce in Allah ya yarda. Da ya ajiye wayar, keken ɗinkin Nantongo ya tsaya.

"Ka gaya masa?"

"Ban samu fuska ba."

"Maigida, akwai yara a motar."

"Na ji, Nantongo. Ai na ji."

"To ko ni in kira?"

"Ki bari. Magana ce ta maza. Akwai yadda ake faɗinta."

Ta ce tana jira ta ji yadda ake faɗinta, amma jiranta ba zai wuce daren Asabar ba.

Sanarwa

Wannan shafi ba shi da alhakin duk abin da ya samu ƙofa, kek, ayaba, suruka ko gada sakamakon bin waɗannan matakai. An yi maka alkawarin rabuwa da kuɗin birki, kuma an cika. Ba a yi maka alkawarin barci ba. Mai ƙorafi ya kai wa wanda ya sayar masa da motar, in ya same shi.

Zuwa lokacin da aka kammala wannan rubutu, Walusimbi ya kira Baba Kiggundu sau biyu. A na farko ya tambayi lafiyar tsohuwa. A na biyu ya ce, "Baba, dama game da motar nan ne," tsohon ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana," shi kuma ya ce amin.

Yau Juma'a.